Ungozomar Ƙauye Daga Ƙauye Za Ta Fito

Sharhinmu na yau a kan ungozoma ne: inda ake koyar da ita, wanda ke ɗaukarta aiki, da dalilin da ya sa in dare ya raba a ƙauyukanmu ake nemanta a rasa.

Bari in fara da abin da idona ya gani. Wata damina na je ƙauyenmu ta'aziyya, na kwana. Wajen ƙarfe biyun dare ɗan yayana ya buga mini ƙofa, muryarsa na rawa, ya ce, "Baffa, tun la'asar matata take kan gwiwa, yanzu kuma jini ya ɓalle." Haihuwar fari ce. Tsofaffin gida sun yi iya abin da suka sani, an ba ta rubutu, an ba ta jiƙo, abu ya ƙi. Muka kwantar da ita a bayan motata, uwar mijin ta riƙe mata kai, muka nufi ƙaramin asibitin garin. Gini ne sabo, an yi masa fenti, ga fitilar sola a ƙofa, ga allo an rubuta ɗakin haihuwa. Amma ƙofar a garƙame take da kwaɗo. Mai gadi ya taso da tocila ya ce, "Alhaji, Malama ba a nan take kwana ba. Sai da safe, in ta samu mota." Muka kama hanyar babban asibiti. Tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a da rani ta ci mana kusan sa'a biyu saboda taɓo. Allah ya sa uwar ta rayu, bayan an ƙara mata jini leda biyu. Yaron bai zo da rai ba.

Na yi fushi da wannan Malama, ba zan ɓoye ba. Bayan kwana biyu na koma asibitin da niyyar in faɗa mata magana. Na tarar da mata sun fi arba'in a kan tabarma suna jiran awo, ita kaɗai tana auna wannan, tana rubuta katin waccan, tana leƙa wata da ke naƙuda a ciki. Da ta samu sarari ta nuna mini ɗakin da aka ce ta zauna: rufi yana yoyo, babu makewayi, babu katanga. Mijinta da 'ya'yanta suna birni, kuɗin motar zuwa da komawa daga albashinta yake fita. Ta ce, "Baba, in na kwana yau, gobe wa zai karɓe ni?" Ban samu amsa ba. Daga ranar na daina tambayar me ya hana ta kwana, na koma tambayar me ya sa ita kaɗai ce.

Abin da ya faru a gidanmu yana faruwa a dubban gidaje. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka mutu a duniya sanadin ciki da haihuwa, kuma kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne. Wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya a ƙasa guda. In ka raba wannan adadi da kwanakin shekara, za ka samu mata sama da 200 a kullum, kusan mace ɗaya a duk minti bakwai. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 43 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a hannun ƙwararre. A Arewa maso Yamma abin bai kai kashi 20 ba, alhali a Kudu maso Gabas da Kudu maso Yamma ya haura kashi 80. Ƙasa ɗaya ce, tuta ɗaya ce, amma matar da ke Kebbi ko Zamfara da wadda ke Imo ko Legas ba da rabo ɗaya suke durƙusawa ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bambance, domin kalmar ungozoma a Hausa mutum biyu take ɗauka. Akwai ungozomar gargajiya, tsohuwar da duk muka sani, wadda ke yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta tsaya kan wankan jego da kunun kanwa har a yi arba'in. Da yawanmu a hannunta muka faɗo, kuma ba mai hankalin da zai raina ta. Amma a al'adarmu galibi bayan an haihu ake kiranta, kuma ko tana wurin, ba ta da abin auna hawan jini, ba ta da allurar tsayar da jini, ba ta da hanyar gane cewa ƙugun yarinya ya yi wa kan ɗa kaɗan. Sannan akwai ungozomar asibiti, wadda ta yi karatu, ta ci jarrabawa, hukuma ta ba ta lasisi. Ita muke nufi a yau.

Mene ne aikinta? Mu shiga ɗakin haihuwa mu gani. Mace ta sauka lafiya, ɗa ya yi kuka, dangi a waje sun fara barka. A wannan lokacin ne idon ungozoma ke ƙara buɗewa, domin ta san zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin sa'a biyu. Cikin minti ɗaya da fitowar jariri za ta yi wa uwar allurar da ke sa mahaifa ta tsuke. Za ta fitar da mabiyiya a hankali, ta buɗe ta a faranti ta duba ko wani yanki ya saura a ciki. Za ta ɗora hannu a marar mai jego ta ji ko mahaifa ta yi tauri kamar ƙwallo ko ta saki. In ta saki, za ta murza, ta ɗaura ƙarin ruwa, ta ƙara magani, ta duba ko akwai inda ya yage. In jaririn ya fito shiru, ta san tana da minti guda ta goge shi, ta gyara masa kai, ta hura masa iska da ɗan famfon roba har ya ja numfashi. Tun a wajen awo kuma, in ta ga ƙafa ta kumbura, kai na ciwo, jini ya hau, ta san jijjiga na tafe, ta san maganin da za ta bayar da lokacin da za ta ce a wuce babban asibiti. Rabin gwanintarta a nan yake: sanin abin da za ta iya, da sanin lokacin da abu ya fi ƙarfinta tun da sauran lokaci.

Wannan ilimi kuma ba tsaye yake ba, har da hannun 'yarmu a cikin ƙara shi. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano na cikin jagororin wani babban bincike da aka yi a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka fitar da sakamakonsa a 2023. An gwada shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin da ya zuba, ta yadda ba sai an yi kirdado da ido ba, sannan da zarar jini ya kai iyaka a haɗa duk matakan magani a yi su lokaci guda. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Leda ce mai araha, magungunan kuma sanannu ne. Sai dai leda ba ta shimfiɗa kanta. Sai da hannun da ya koya, wanda kuma yake wurin a daren da ake bukatarsa.

Rahoton halin da aikin ungozoma yake ciki a duniya, wanda Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar ungozomomi ta duniya suka fitar a 2021, ya ce duniya na da giɓin ungozomomi 900,000, kuma ƙasashen Afirka ne abin ya fi shafa. Ya ce ungozomar da aka koyar da kyau, aka ba ta kayan aiki, za ta iya biyan kusan kashi 90 cikin 100 na muhimman bukatun lafiyar mata masu ciki da jarirai. Ya kuma ce da za a wadata duniya da su, da an kauce wa kusan kashi biyu cikin uku na mutuwar mata wajen haihuwa da ta jarirai sabbin haihuwa. Rahoton ya ƙara da cewa kashi 93 cikin 100 na ungozomomin duniya mata ne. Ku riƙe wannan, domin a nan maganarmu ta Arewa take.

Yaya ake zama ungozoma a Najeriya? Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa ita ke tantance makarantu, ta ƙayyade yawan ɗaliban da kowace za ta ɗauka, ta shirya jarrabawa, ta ba da lasisi. Yarinyar da ta gama sakandare tana bukatar kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Daga nan za ta yi shekara uku a makarantar ungozoma. Wadda ta riga ta zama ma'aikaciyar jinya tana iya ƙara wata 18 ta haɗa da ungozoma. Akwai kuma karatun shekara biyu na ungozomar al'umma, wanda aka tsara don a ɗauko yarinya daga ƙaramar hukumarta, a koyar da ita, ta koma ta yi wa mutanenta aiki. Kafin a ba ɗaliba shaida, sai ta karɓi haihuwa da hannunta sau da yawa a gaban malamarta, an rubuta an sa hannu. Muna da irin waɗannan makarantu a Dambatta, da Malumfashi, da Birnin Kudu, da Gusau, da Damaturu, da sauran garuruwa.

To, a nan ne igiyar ta fara tsinkewa. Kiredit biyar ɗin nan, har da kimiyya uku, ina yarinyar ƙauye za ta samo su? Makarantar da ke kusa da ita ba ta da malamin fiziks, ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, wata ma babu babbar sakandare sai an yi tafiya mai nisa. Da yawa kuma ana cire su tun kafin su kai aji shida. Saboda haka in an buɗe gurbin karatu, 'yan birni ne ke cika shi. In sun gama aka tura su ƙauye, ba su da kowa a can, mijin yana birni, makarantar yara tana birni. Wata uku, wata shida, an nemo hanyar canjin wurin aiki. Sai ka ga babban asibitin birni ya tara ungozomomi, ƙananan asibitocin karkara kuma, inda aka fi haihuwa aka fi mutuwa, suna hannun ma'aikacin lafiya namiji guda ɗaya.

Yanzu ina so in yi magana da 'yan uwana maza, kuma da kaina nake farawa. Mu ne muke cewa ba mu yarda namiji ya duba mana iyali ba. Hujjarmu kunya ce da addini, kuma ban ce laifi ba ne mutum ya so mace ta karɓi haihuwar matarsa. Amma wannan macen da muke so mu tarar a ɗakin haihuwa, 'yar wa ce? Daga sama za ta faɗo? In ni na hana tawa karatu, kai ka hana taka, maƙwabcinmu ya hana tasa, wa ya rage? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ungozomar da za ta karɓi haihuwar jikarka nan da shekara goma, yau tana aji shida na firamare ko ƙaramar sakandare, kuma wani uba ne zai yanke shawarar ta ci gaba ko ta tsaya. Mai yiwuwa kai ne uban.

Kada wani ya ce mana wannan baƙon abu ne. Malaman tarihi sun ambaci Salma, Ummu Rafi', wadda ta karɓi haihuwa a gidan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Sun ambaci Rufaida, wadda aka kafa wa tanti a Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni. A ƙasarmu kuma, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta nuna mana hanya tun a ƙarni na 19. Da ta so ilimi ya kai ga matan karkara, sai ta zaɓi jajoji, wato jagorori, daga cikin matan garuruwan, suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan uwansu. Abin da ake kira 'Yan Taru ke nan. A Sudan, makarantar ungozoma ta Omdurman da aka buɗe a 1921 da matan da ba su iya karatu da rubutu ba ta fara, ana koya musu gane magani ta ƙamshi da ɗanɗano, su koma garuruwansu da akwatin aiki. Darasin ɗaya ne: wadda za ta zauna da mutane, daga cikinsu ake ɗauko ta.

An gwada wannan a zamaninmu, kuma an ga amfaninsa. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri na samar da mata ma'aikatan lafiya, da tallafin gwamnatin Birtaniya, a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya aka haɗa da Borno. Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne shekarar share fage. Gari zai zauna, da dagaci da liman da iyaye, a zaɓi yarinya, ko matar aure ce in mijinta ya amince. A kai ta makaranta a gyara mata kimiyya da Turanci har ta samu kiredit ɗinta, sannan ta shiga karatun ungozoma ko jinya, bisa alkawarin za ta dawo gida ta yi aiki. An gyara ɗakunan kwana, an yi wurin renon yara don mai goyo ta iya shiga aji, an taimaka wa makarantu su cika sharuɗɗan hukuma. Tallafin waje yana da ranar ƙarewa. Aikin gwamnatocin jihohinmu ne su sa irin wannan shiri a kasafin kuɗinsu na kowace shekara, ya zama nasu.

Wuri na biyu da igiyar ke tsinkewa shi ne bayan an gama karatu. Mutane da yawa suna zaton duk wadda ta samu lasisi aiki na jiranta. Ku tambaya a unguwanninku. Za ku samu 'yan mata da shaidarsu a cikin akwati, suna aikin sa kai a asibitin gwamnati shekara biyu, shekara uku, ana ba su ɗan abin da bai kai kuɗin mota ba, suna jiran ranar da za a buɗe ɗaukar aiki. Wasu suna asibitocin kuɗi a kan albashin da ba ya kai su ƙarshen wata. A gefe guda ana kukan ƙarancin ungozoma, a ɗaya gefen ga ungozoma zaune a gida. A lokaci guda kuma manyan da suka ga jiya suka ga yau suna cika shekarun aikinsu suna yin ritaya, ba a maye gurbinsu. Duk wadda ta tafi, da ilimin da ba ya cikin littafi take tafiya. Da tsohuwar zuma ake magani, amma in ba a zuba sabuwa kusa da ita tun tana nan ba, wa zai gaje ta? Malaman da ke koyarwa a makarantun ma haka abin yake, kuma in malamai suka yi ƙaranci, hukuma ba za ta ƙara wa makaranta yawan ɗalibai ba.

Muna da darasi a kan wannan, kuma bai kamata mu manta da shi ba. A ƙarshen 2009 gwamnatin tarayya, ta hannun Hukumar Bunƙasa Lafiya a Matakin Farko, ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara da kuɗin da aka samu daga yafe wa Najeriya bashi. An tattaro sabbin da suka gama makaranta, da marasa aiki, da waɗanda suka yi ritaya amma da sauran ƙarfinsu. A zangon farko an tura kusan 2,500 zuwa ƙananan asibitoci 652, da nufin kowane asibiti ya samu huɗu. Me ya sa huɗu? Saboda haihuwa ba ta san dare ko rana ba. Sai da ta safe, da ta yamma, da ta dare, da wadda ke hutu, sannan ƙofa za ta kasance a buɗe sa'a 24. An raba nauyin biya gida uku: tarayya naira 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da wurin kwana. Tsari ne mai kyau. Amma jihohi da ƙananan hukumomi da dama ba su cika nasu alkawarin ba, alawus ya riƙa makalewa, gidaje ba su samu ba, da yawa daga cikin matan suka tattara suka koma. Shirin ya nuna cewa ana iya kai ungozoma ƙauye cikin wata guda. Zaunar da ita a can shi ne aikin, kuma wannan sai da albashi a kan kari, da ɗaki mai ƙofa, da ruwa, da wuta.

Wuri na uku shi ne ficewa. A farkon 2024 magatakardan hukumar jinya da ungozoma ya bayyana cewa ma'aikatan jinya da ungozomomi sama da 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Wani zai ce ai 'yan Kudu ne ke tafiya Ingila da Amurka, mu ina ruwanmu. Da ruwanmu. Namu ma suna tafiya, wasu Saudiyya, wasu Turai. Kuma abin kamar tsani yake: in ta asibitin koyarwa ta tafi waje, ta asibitin jiha ce ke hawa gurbinta, ta ƙaramar hukuma ta hau na ta jiha, a ƙarshe ramin a ƙauye yake buɗewa. Ba na zargin wadda ta tafi neman abin da za ta riƙe iyayenta. Riƙe takardun mutum don a hana shi fita ba zai sa ya zauna da zuciya ɗaya ba. Abin da ke zaunar da ma'aikaci shi ne ya ga aikinsa na ciyar da shi, ana ƙara masa girma a kan lokaci, ana ba shi damar ƙaro karatu.

Sai kuma tsaro. Ba za mu yi maganar ungozoma a Arewa mu manta da Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman ba. Mata ne masu ƙuruciya, ungozomomi, suna aiki da ƙungiyar agaji ta Red Cross a Rann ta jihar Borno, wurin da mutane da yawa suka guje wa. An sace su a watan Maris na 2018, aka kashe Saifura a watan Satumba, aka kashe Hauwa a watan Oktoba. Allah ya jiƙansu, ya sa aikin da suka yi ya zama haske a kabarinsu. A yau ma akwai garuruwa a Zamfara da Katsina da Sakkwato da ma'aikatan lafiya suka bari saboda 'yan bindiga, amma mata ba su daina haihuwa a cikinsu ba. A irin waɗannan wurare, 'yar gari ce kaɗai ke iya zama, domin nan ne gidan ubanta.

Adalci ne kuma in juya ga ungozomomin kansu. 'Yan uwana, 'ya'yana, akwai ƙorafi a kanku, kuma kun san shi. Mata da yawa suna cewa sun gwammace su haihu a ɗaki saboda tsawa da baƙar magana da suke gamuwa da ita a asibiti. Na san gajiya, na san mace ɗaya ba za ta tsaya kan mata biyar masu naƙuda ta kasance da fara'a kamar wadda ta yi barci ba. Amma kalma ɗaya mai zafi da kika faɗa wa mai haihuwar fari, sai ta kai ta gidan suna, mata ashirin su ji, goma su fasa zuwa. "Sannu, Allah ya raba lafiya" ba ta cin kuɗi, kuma tana cikin magani. Makarantu su koyar da wannan kamar yadda suke koyar da allura, shugabannin asibiti kuma su tsaya a kai.

A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ƙaddamar da wani shiri na rage mutuwar mata da jarirai, wanda ya mai da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da suka fi fama da matsalar, tare da alkawarin yi wa mabukata tiyatar haihuwa kyauta. Mun yi maraba da shi. Amma tiyata a babban asibiti ake yin ta, kuma sai wani ya gane da wuri cewa matar nan tiyata take bukata, ya tura ta tun da sauran numfashi. Wannan mai ganewar ita ce ungozomar ƙaramin asibiti. In babu ita, kyautar za ta tsaya a birni.

Saboda haka ga kirana. Gwamnoni da kwamishinonin lafiya: kafin a yanke kintinkirin sabon asibiti, a tambaya ungozoma nawa aka rubuta masa, kuma ina za su kwana. A ɗauki waɗanda ke aikin sa kai aiki na dindindin, a ware alawus na musamman ga mai zama a karkara, a biya shi tare da albashi. Shugabannin ƙananan hukumomi: kowace mazaba ta samu 'yarta a makarantar ungozoma, da kuɗin ƙaramar hukuma, da yarjejeniyar dawowa gida. Sarakuna da hakimai da dagatai: ku karɓi ungozomar da aka turo muku kamar baƙuwar gidanku, ku ba ta masauki, ku tsare mutuncinta. Malamai da limamai: ku faɗa a kan mumbari cewa karatun nan hidima ce ga al'umma, domin maganarku ta fi tawa shiga kunne. Masu hali: kuɗin karatun yarinya ɗaya na shekara uku bai kai na wani bikin da muke yi a kwana uku ba, kuma sadaka ce mai gudana. Mazajen ungozomomi: aikin dare da matarka ke fita, ran wata take zuwa ceta, kana da rabo a ladan in ka ba ta goyon baya.

Ranar 5 ga watan Mayu ta kowace shekara ce ranar ungozoma ta duniya. Kada mu jira ta. Kai uba da ke saurarena, in kana da 'ya mai ƙoƙari a makaranta, ka kira ta yau ka tambaye ta abin da take so ta zama. In ta ce ungozoma, ka sa mata albarka, ka tsaya mata har ta gama. Wata rana ita za ta buɗe ƙofar da muka tarar a kulle.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya saka wa ungozomominmu da alheri.